Katako Biyu da Carbin Baba Tanko

Ku da kuke cika mini bencin ƙofar shago kullum da yamma, na ji gardamarku shekaranjiya. Ɗayanku ya ɗaga waya sama ya danna, ya ce wai ya ɗauki taurari, har yana cewa aikin hoto ba aiki ba ne, kowa ma zai iya. Ban tanka ba saboda bakina cike yake da goro. Yau na tofar, sai ku matso. Kun ga katakon can guda biyu da ke rataye a bayan ƙofa, wanda kuke ce wa tarkon ɓera? Duk kayan aikin da na taɓa riƙewa babu wanda nake alfahari da shi kamarsa, kuma labarinsa zan ba ku.

Amma sai kun fara sanin yadda aka yi na zama mai hoto. A wurin wani Bayarabe na koya, muna ce masa Oga Lasisi, shagonsa na nan Gyaɗi-Gyaɗi a bakin titin Zariya. Shekara biyu cur ban taɓa kyamara ba. Aikina ɗebo ruwa, haɗa maganin wanki, da shanya hotuna a igiya. A ɗakin wanki ba a kunna fitila in ana fitar da fim, da yatsu ake gani. Oga zai ba ni tsohon fim ya ɗaure mini ido da ƙyalle, ya ce in naɗa shi a kan ƙarfensa sau ashirin ba tare da ya lanƙwashe ba. Idan na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Sabo, hannunka na noma ne, ka koma gida." Wannan maganar ta fi bulala zafi.

Hoton farko da ya bar ni na ɗauka na wani Alhaji ne mai sayar da taya. Ya zo cikin babbar riga, ya kafa hula sabuwa dal, ya zauna ya riƙe rediyo a cinya. Na auna, na danna, ina ji da kaina. Da aka wanke sai ga Alhaji ga rediyo ga takalmi har da tabarmar ƙasa, amma hular babu, na yanke ta daidai goshi. Mutumin ya duba ya duba, ya ce, "Yaro, ai saboda hular na zo." Oga ya sake ɗaukarsa da kansa, ni kuma hoton nan aka manna mini a bangon ɗakin wanki har na gama koyo.

Da na buɗe nawa shagon a farkon shekarun saba'in, direbobi ne suka riƙe ni. Direban babbar mota ba ya son hoto shi kaɗai, sai da motar, kuma dole rubutun da ke goshinta ya fito a karanta. Sai maniyyata masu neman na fasfo, sai leburori da suka shigo birni suna son aika wa gida shaidar cewa suna nan lafiya. Saboda su na ajiye kwat ɗaya da agogon hannu ɗaya da tabarau a shago. Na tabbata akwai ƙauyuka da dama a ƙasar Kano da aka ga wannan kwat ɗin a jikin mutane daban-daban, kuma babu wanda ya tona wa wani asiri.

Sai shekarar fari ta zo. Mutumin da ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya tunanin hoto. Direbobi suka ragu, bukukuwa suka yi sanyi, kwat ɗin nan har ƙwari suka fara ci. Sai in wuni ina goge kyamara ina korar ƙuda. A ƙarshen wannan zaman banzan ne, da bazara ta kama, aikin da na fi so a rayuwata ya shigo shagon da ƙafarsa.

Wani malamin makaranta ne, Malam Lawan, mai koyar da lissafi, ya zo riƙe da hannun mahaifinsa. Tsohon shi ne Baba Tanko na Tarauni. A lokacin Tarauni gonaki ne da gidajen ƙasa, in rana ta faɗi duhu ne sosai, ba wannan cinkoson da kuka sani ba. Baba Tanko manomi ne, kuma shi ake tambaya lokacin sharar gona da lokacin shuka, domin ya san taurari kamar yadda ya san jikokinsa. Amma cutar yanar ido ta rufe masa ido ɗaya gaba ɗaya, ɗayan ma tana cinye shi a hankali.

Na jawo kujera na ce, "Baba, na zaune za a yi ko na tsaye?"

Ya ce, "Ba ni za ka ɗauka ba. Ni wa zai so hotona? Kaza nake so ka ɗaukar mini."

Na ce, "Ina kazar? A kawo ta."

Malam Lawan ya fashe da dariya. Ya ce Kaza da 'ya'yanta Baba ke nufi, taurarin nan da ke dunƙule wuri ɗaya. Tsohon ya ce tun yana yaro bai taɓa yin shekara bai gan ta ba, sai bana. Abin da ke kusa da hancinsa yana ɗan gani in akwai rana, amma sama ta ɓace masa. Ya ce, "An ce akwatin nan naka yana kama abu ya sa a takarda. Ka sauko mini da ita in riƙe a hannu in gaishe ta. Saura kwana kaɗan ta faɗi, ba za ta dawo ba sai damina ta zauna. Kafin nan wannan idon ma ya bi ɗan'uwansa, na sani."

Na ce, "Baba, an gama." Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Daren farko na je Tarauni bayan sallar isha'i da kyamara da ƙafafunta uku. Malam Lawan ya nuna mini Kaza tana rataye a yamma. Na san tauraro haskensa kaɗan ne, don haka na buɗe idon kyamara na bar shi a buɗe minti goma, ina tsaye ina hira, ina ganin aiki ya ƙare. Washegari na wanke fim, na ɗaga dodon hoton a haske, sai na ga babu tauraro ko ɗaya, sai layuka zara-zara kamar an watsa taliya. Duk da haka na buga na kai. Baba ya kai takardar bakin idonsa ya ce, "Wannan ai ruwan sama ka ɗauko mini. Da bara ka kawo shi da an gode maka."

Malam Lawan ne ya bayyana mini. Ya ce taurari ba a tsaye suke ba, tafiya suke yi daga gabas zuwa yamma kamar rana, zagaye ɗaya a kwana ɗaya. Idona ba ya ganin tafiyar, amma fim yana gani. In ina son tauraro ya fito ɗigo, dole kyamara ta riƙa binsa a hankali, daidai saurinsa, duk tsawon lokacin da idonta ke buɗe. Baba yana gefe yana jinmu, ya ce, "Sai da aka kai ka makaranta ka san suna tafiya? Da ka tambaye ni."

Daga nan zaɓi ya zo, wato a kan me za a ɗora kyamarar ta bi sama. Malam ya kawo wata mujallar Turawa daga makarantarsu, ya nuna mini hoton wani inji mai ƙyalli da ke yin wannan aikin da kansa. Na yi ta kallonsa har yawuna ya tsinke. Amma wuta yake so, Tarauni kuwa ko waya ba a ja ba. Tsadarsa ta fi ƙarfin shagona da abin da ke ciki, kuma sai an aika an jira shi wata da watanni a jirgin ruwa. Malam ya rufe mujallar ya ce, "Kafin ya iso Kaza ta faɗi." Bai ƙarasa sauran maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai ni kuma wayo ya zo mini. Na ce ai agogo ma zagaye yake yi da kansa. Na ɗauki agogon tebur mai ƙararrawa na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, ya cire gilashin, ya ɗaura mini faranti a kan sandar gajeren hannun. Na ɗora kyamara ina murmushi. Agogon ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru, nauyi ya shaƙe shi. Da Malam ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam Sabo, ko da ya ɗauka, gajeren hannu sau biyu yake zagayawa a kwana, sama kuwa sau ɗaya. Da ka wuce Kaza ka bar ta a baya." Kwana huɗu na ɓata a kan wannan shirmen, ga agogon matata ya tafi.

Abin da ya fisshe mu yana can ƙarshen mujallar, wani ɗan zane da ba mu kula da shi ba saboda ba ya ƙyalli. Katako biyu ne a haɗe da hinji, irin ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa. A jikin na ƙasa an huda an zura dogon noti. In ka murza notin sai ya tura na sama ya buɗe a hankali kamar littafi, kyamara kuma tana zaune a kan na saman. Malam ya kwana yana lissafi. Ya ce a nemo noti mai zare ashirin a kowane inci, a huda raminsa inci goma sha ɗaya da kusan rabi daga hinjin. In aka murza shi zagaye ɗaya a kowane minti, katakon zai buɗe daidai da tafiyar sama. Kafintan da ya yi mana ya tambaye ni sau uku ko ƙofar akurki ce. Na ce masa eh, ta kaza ce.

Ga abin da nake so ku riƙe. Na so injin nan mai ƙyalli, har yau ina tuna hotonsa. Amma kayan aiki na ƙwarai shi ne wanda za ka samu kafin aikin ya wuce ka, kuma in ya lalace a duhu ka gyara shi da yatsunka. Kyamarata mai faɗin ido ce, tana ɗaukar yanki babba na sama, ba ta bukatar abin da ya fi wannan. Katakon nan ba shi da abin lalacewa sai mai murza shi.

To mai murzawar ne ya lalace. Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, dole tsawon hinjin ya kalli wani tauraro ɗaya a arewa wanda ba ya motsi, wanda sauran ke kewayawa. Na biyu, murzawar ta zama daidai, ba sauri ba nawa. Mun je gonar Baba muka kifa turmi muka ɗora katakon. Ni da Malam muka yi ta duban arewa, shi da iliminsa ni da kyamarata, kowa yana nuna nasa tauraron. Ƙarshe muka zaɓi wanda ya fi haske. Wajen murzawa kuma na riƙe tocila a baki ina duba agogon hannu, sauro yana cin ƙafata. Na ƙirga na rikice, na sake, hasken tocilar ya faɗa idon kyamara. Abin da ya fito washegari ko Baba ban nuna wa ba. Kaza kuwa kullum ƙara sauka take yi, har ta kusa taɓa kan bishiyoyi, ga jaririn wata ana sa ran tsayuwarsa, haskensa zai zo ya dishe ta. A gaskiya na tsorata, domin na riga na ce wa tsoho an gama.

Na je na same shi da hantsi a zaure na gaya masa komai. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce, "Wanda ba ya motsin kuke nema? Ba mai hasken ba ne. Shi ba ya nuna kansa. Ku kai ni gonar." Sannan ya ce, "Shi kuma mintin nan naku, nawa ne tsawonsa?"

Malam ya cire agogo ya nuna masa, ya ce daga nan zuwa nan. Baba ya ce shi bai san wannan ba, amma a duba masa wani abu. Ya gyara zama ya fara, "Astagfirullah, astagfirullah," yana sakin ƙwayar carbi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ya kai talatin da uku ya tsaya. Malam ya dubi agogo ya dube ni. Minti ɗaya. Muka ce ya sake. Minti ɗaya. Sau biyar muna gwadawa, bambancin bai kai a faɗa ba. Baba ya ce, "Shekara hamsin ina yinsa bayan kowace salla. In agogonku ya saɓa da ni, ku kai shi gyara."

Nan take na samo murfin gwangwani na ɗaura a kan notin, na yi masa tsaga uku da zan ji da yatsa. Muka shirya cewa duk ƙwaya goma sha ɗaya Baba zai buga sandarsa a ƙasa, ni kuma in murza zuwa tsaga ta gaba. Babu tocila, babu agogo.

Ranar Allah Ya taimake mu, aka yi ɗan yayyafi da la'asar, sama ta wanku tas. Bayan magariba muka kai Baba gona. Ya ce a tsayar da shi a bakin rijiya. Ya lalubi bakinta da ƙafa, ya juya, ya kama kafaɗata ya juya ni kamar buhu. Ya ce, "Kana ganin ɗorawa a hagu, rimi a dama? Dubi tsakaninsu. Miƙa hannunka, ka dunƙule, ka ɗora a inda ƙasa ta haɗu da sama. Ɗan sama da dunƙulen kaɗan." Sai ga shi, wani ɗan tauraro shiru-shiru shi kaɗai, wanda muka yi ta tsallakewa. Mutumin da ba ya ganin sama shi ya nuna wa masu ido biyu. Na ɗaura bututun biro a jikin hinjin na leƙa ta ciki, Malam yana cusa tsinken kara a ƙarƙashin katakon har tauraron ya shigo tsakiya.

Muka yi isha'i a nan gonar. Na juya kyamara ta kalli Kaza, na buɗe idonta, na ce, "Baba, bismilla." Ya fara. Sha ɗaya, ƙwas, in murza. Sha ɗaya, ƙwas, in murza. Malam Lawan yana tsaye da mafici yana kore mini sauro, ko tari ba ya yi. Sau uku Baba ya ja carbinsa mai ƙwaya casa'in da tara, minti tara ke nan, na rufe. Muka yi haka har sau huɗu kafin Kaza ta shige bayan bishiya. Da muka tashi tsohon ya karkaɗe riga ya ce, "Wannan sana'a taka da daɗi. Kai kana samun hoto, ni ina samun lada."

Washegari da sassafe na wanke fim ɗin. Na ɗaga dodon hoton a taga. Na farko taurarin sun ɗan ja layi, na biyu ma haka. Na uku kuwa ɗige-ɗige ne tsaf kamar an watsa gero a kan tabarma. Na yi ihu ni kaɗai a shago har mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Na buga shi a takarda mafi girma da nake da ita, na ƙara girman wajen Kazar, na ɗauki gilashin da nake duba dodon hoto da shi, na hau keke ko hula ban saka ba.

Na tarar da shi a ƙofar gida. Muka fito da shi tsakiyar rana, na ba shi takardar, na sa masa gilashin a hannu. Ya kai ta bakin idon nan guda, yana matsawa yana ja da baya. Can sai na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya wuce bakwai. Ya wuce goma. Ya wuce ashirin. Ya sauke takardar, hawaye yana bin gemunsa, yana dariya.

Ya ce, "Lawan! Zo ka ga munafuka! Tun ina yaro nake gaishe ta, bakwai take nuna mini. Ashe ɓoye sauran take yi!"

Mutanen gida suka fito, maƙwabta suka taru, kowa yana son ya leƙa. Baba ya hana kowa taɓawa sai ya wanke hannu. Ni dai ina tsaye riƙe da keke, farin ciki ya cika ni.

Da Kaza ta dawo da damina, idon nasa ya riga ya rufe kamar yadda ya faɗa. Amma hoton yana cikin aljihun gaban rigarsa a naɗe cikin ƙyalle. Duk baƙon da ya zo sai ya fito da shi, ya ɗora yatsa daidai wurin ba tare da ya laluba ba, ya ce, "Ni na ɗauka. Sabo ya riƙe mini akwatin ne kawai." Ban taɓa musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Don haka kai mai waya, ka ci gaba da dannawa, ban hana ka ba. In kana son ka san ko aikin hoto aiki ne, ga katakon can, ka sauko da shi mu je bayan gari inda babu fitila. Agogo kuwa kada ka damu da kawowa. Tun daga wancan daren, in na idar da salla na ɗauki carbi, ko ina sauri bakina ba ya yarda. Ku auna ni in kuna so, talatin da ukuna minti ɗaya ne cif, irin na Baba Tanko.